Wai me hukuma take tsoro a bakin 'yar tsana?

Daren jiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta gaban mai shayi, sai ɗan yayata ya miƙo min wayarsa yace Kawu dubi wannan. Wani tsohon labari ne aka sake yaɗawa a Facebook, na wasu mutum biyu masu wasan 'yar tsana da aka kama a Madrid, babban birnin Sifaniya, a 2016, aka tura su gidan yari bisa zargin yabon ta'addanci. Wayar ta zaga hannu hannu kowa yana dariya, wai Turawa sun rasa aikin yi sai kama masu wasan yara. Sai wani dattijo da muke girmamawa, abokin mahaifina ne tun suna samari, ya ajiye kofinsa yace shi kam bai ga abin dariya ba, gara da aka kama su, kuma da shi ke da iko babu wanda zai ɗaga 'yar tsana a bainar jama'a sai ya kawo abinda zai faɗa a rubuce, an duba an sa hannu tukunna.

Nace Baba, Allah ya ƙara girma, wannan dokar da ka faɗa fa an taɓa yinta, kuma mun san abinda ta haifar. Ban ƙarasa ba aka shigo da zancen ƙwallo, maganar ta bi ruwa. Na koma gida abin yana cina har na kasa barci da wuri.

Ni matsayina ba ɓoye ɓoye. Dokar da za ta ce sai ka kawo wasanka a rubuce kafin ka buɗe baki, da dokar da za ta hana wasan ɗungurungum, duk danne bakin talaka suke yi, kuma babu tarbiyyar da suka taɓa gyarawa. In mai wasa ya yi laifi na gaske, ya kama sunan wani ya yi masa ƙazafi, ko ya zuga mutane su je su yi ɓarna, toh kotu tana nan, a kai shi bayan ya yi, a kawo shaidu, shi ma ya kare kansa. Amma a riƙe masa harshe tun kafin ya yi magana, wannan ban yarda da shi ba.

Ai wasa ne kawai, meye a ciki

Waɗanda suka yi dariya a majalisa su ma ban tare da su. Duk wanda yake ganin 'yar tsana abin yara ce kawai, bai san dalilin da yasa sarakuna da 'yan mulkin mallaka suka daɗe suna sa mata ido ba.

Mu je birnin Liyon na Faransa, domin can ne aka yi dokar da Baba yake so. Akwai wani mutum Laurent Mourguet, ɗan gidan masaƙan siliki ne, sana'ar ta karye bayan juyin juya halin Faransa, sai ya koma yawon kasuwa yana cire wa mutane haƙori. Don ya tara jama'a, kuma don dariya ta rufe ihun wanda ake cire wa haƙorin, sai ya riƙa yin wasan 'yar tsana a gefe. Wajen 1808 ya ƙirƙiro wani ɗan tsana mai suna Guignol, a baki ana cewa Ginyol. Ginyol talaka ne ɗan birni, kullum aljihu wayam, kullum mai gidan haya yana binsa bashi, yana da mata mai suna Madelon da aboki mai gyaran takalmi, Gnafron, wanda baya rabo da kwalba. Kuma yana da kulki, wanda a ƙarshen wasa yakan sauka a kan jandarma ko a kan mai gidan haya.

Mourguet bai iya rubutu ba. Babu takarda a wasansa, labarin gari ne kawai, abinda ya faru da safe a kasuwa shi za ka ji da daddare a bakin Ginyol, farashin burodi ne ko wulaƙancin masu kuɗin da ke ba masaƙa aiki. Masu kallon kuma manya ne, leburori da masaƙa a gidajen shan kofi, mutanen da yawancinsu ba su karanta jarida. Kuma kar a manta masaƙan nan na Liyon sun yi tawaye har sau biyu, 1831 da 1834, sai da aka turo sojoji. Kaga duk mai mulki ya san irin mutanen da ke zaune gaban labulen nan.

A 1852, zamanin Louis Napoleon wanda ya naɗa kansa sarki a ƙarshen wannan shekarar, sai hukuma tace daga yau duk wasan da za a yi sai an rubuta shi an kai ofishin lardi an tace, kuma an hana ƙago magana nan take a gaban jama'a. Ka yi tunanin wannan da kyau. Kamar kace wa maroƙi ko ɗan kama ya rubuto duk habaicin da zai yi a gidan biki mako guda kafin bikin, alhali shi habaicin sai ya ga wanda ya shigo da irin hular da ya sako sannan yake zuwa masa. Ran wasan kenan aka cire. Wanda bai iya rubutu ba dole ya nemi mai rubuta masa, mai rubutun kuma ya san abinda ofis ba zai sa wa hannu ba, sai ya fara tacewa da kansa tun kafin takardar ta bar ɗaki.

Na san abinda wani zai ce, kuma yana da ɗan gaskiya: ai dalilin wannan dokar ne aka samu wasannin a rubuce, da yanzu sun ɓace. Haka ne, an samu. Har wani alƙali ɗan garin mai suna Jean-Baptiste Onofrio, wanda yake ƙaunar wasan, ya tattara wasu ya buga a 1865. Amma ya share kalmomin da yake ganin ba su dace da kunnen masu mutunci ba. Abinda ya iso hannunmu wankakke ne. Maganar da masaƙi ya ji ta sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi, wadda aka faɗa sau ɗaya a dare ɗaya, ita ba ta shiga takarda ba. A hankali Ginyol ya tashi daga cikin manya ya koma lambun shaƙatawa, yau galibi yara ƙanana ake kaiwa su kalle shi. Shi yasa ma mutanen majalisarmu suke ganin 'yar tsana ta yara ce, sakamakon suke gani ba su ga yadda aka kai can ba.

Toh batsar da ke ciki fa?

Wannan ita ce hujjar da tafi ƙarfi, kuma ba zan yi ƙarya in ce babu batsa ba. Akwai. Wasan inuwa na Karagoz da ya yaɗu daga ƙasar Turkiyya har Arewacin Afirka zamanin daular Usmaniyya, wanda ake yanka mutum-mutumi da fata a riƙe su bayan farin ƙyalle fitila na haska su, an san shi da maganganu da siffofi waɗanda ni ba zan zauna da 'yata in kalla ba.

Amma dubi abinda ya faru a Aljeriya. Faransawa sun shigo a 1830. Wasan nan yana nan da batsarsa kafin su zo, yana nan bayan sun zo, mutane na taruwa suna kallo musamman a dararen azumi. Sai masu wasan suka fara sako sojan Faransa a cikin labarin, Karagoz, wato jarumin wasan, yana lakaɗa masa duka jama'a na shewa. A 1843 hukumar mulkin mallaka ta haramta wasan. Yanzu dan Allah wa zai gaya min cewa mutanen da suka ƙwace ƙasa da bakin bindiga, suna ƙona ƙauyuka, tarbiyyar 'ya'yan Musulmin Aljeriya ce ta hana su barci? Ganin kakinsu a ƙasa ana dariya shi ne ya dame su.

Wannan shi ne abinda yake bani tsoro da hujjar batsa. Gaskiya ce, amma kullum ita ce rigar da ake ara a rufe wani dalilin. In da batsar ce matsalar, ai maganinta a fili yake, a ce wannan wasan na manya ne, a yi shi a wuri kaza da lokaci kaza, kar a shigo da yara. Mu kanmu mun san wannan tsarin ba sai an rubuta mana ba, akwai waƙar da mata ke yi a cikin gida ranar kamu wadda ba a yinta a ƙofar gida gaban surukai.

Toh addini fa?

A nan ina taka tsantsan, domin ni ba malami ba ne kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Tarihi kawai zan kawo, na ƙasashen Musulmi ba na wasu ba.

Marubutan Larabawa sun kawo labarin Salahuddin Al-Ayyubi ya zauna kallon wasan inuwa tare da wazirinsa Alƙali Al-Fadil, da aka gama ya tambaye shi me ya gani, shi kuma ya amsa da cewa ya ga babban wa'azi, dauloli na zuwa suna wucewa, da aka naɗe labule sai ga shi mai motsa su duka ɗaya ne. A Alƙahira aka yi wannan, kuma a wannan birnin dai, a 1451, Sarkin Masar Jaƙmaƙ ya bada umarni a ƙone kayan wasan inuwa, aka sa masu yi suka ɗauki alkawarin ba za su sake ba. Wasan bai mutu ba. Domin a 1517, bayan Sarkin Usmaniyya Salim na ɗaya ya ci Masar da yaƙi ya sa an rataye sarkinta na ƙarshe Tuman Bay a ƙofar Zuwaila, wani mai wasan inuwa ya zo ya kwaikwayi ratayewar a gabansa, har da yadda igiyar ta tsinke. Salim ya ji daɗi ƙwarai, ya yi masa kyauta, yace zai tafi da shi Istanbul ɗansa ma ya gani.

Gari ɗaya, addini ɗaya, wasa ɗaya, sarki uku hukunci uku. Labarin Salim ɗin ne yafi tsaya min a rai, domin wasan da ake yi da mutuwar wani bawan Allah, wanda ni a ganina yafi kowace batsa muni, shi ne ya samu tukuici, saboda wanda ake wulaƙantawa abokin gaban mai mulki ne.

A zamaninmu kuma akwai jihar Kelantan ta Maleshiya. Jam'iyyar PAS mai ra'ayin Musulunci ta karɓi mulkin jihar a 1990, ba da daɗewa ba ta hana wasan inuwarsu na gargajiya da suke kira wayang kulit tare da wasu wasannin, daga baya a 1998 aka saka abin cikin dokar wuraren nishaɗi. Dalilinsu shi ne akwai kiran iskoki a wajen buɗe wasan, kuma labaran sun samo asali daga addinin Hindu. Ni a matsayina na Musulmi na fahimci wannan damuwar sarai, ba zan raina ta ba. Amma masu wasan nan Musulmi ne 'yan ƙauye, manoma da masunta, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. A ƙarshen shekarun 1960 an ƙiyasta akwai masu wannan wasan kusan 300 a jihar, yau kaɗan ne suka rage. Ba zan ɗora wa dokar laifin duka ba, talabijin da waya sun ci nasu kason. Sai dai daga baya an dawo an bar wasan ya ci gaba in an cire abubuwan tsafin. Toh tunda hakan mai yiwuwa ne, me ya hana a fara da shi? A zauna da malamai da masu wasa a ce wannan ɓangaren ya saɓa, a barshi, sauran ku ci gaba. Shekarun da aka yi ana hani, yaran da ya kamata su zauna bayan labule su koya a hannun tsofaffi sun kama wata hanyar, tsofaffin kuma ƙasa tana ta rufe su.

A dawo Madrid

Abinda labarin da ɗan yayata ya nuna min bai faɗa ba shi ne wannan. Ranar 5 ga Fabrairu 2016 ne, lokacin bikin shekara da hukumar birnin ta shirya. Wasan na manya ne, akwai duka da kisa a ciki, har da rataye alƙali, amma aka yi kuskure aka saka shi a fili inda iyaye suka zo da ƙananan yara. Iyaye suka fusata suka kira 'yan sanda, kuma wallahi da ina wurin da 'yata nima zan fusata. Magajiyar garin ta lokacin, Manuela Carmena, ta fito ta nemi afuwa kan wannan.

Sai dai ba don wannan aka rufe su ba. A cikin labarin akwai ɗan tsana ɗan sanda da ya ɗora wa wata mata ƙaramin allo mai ɗauke da kalmomin da suka haɗa sunan Alƙa'ida da na ETA, ƙungiyar 'yan aware masu ɗauke da makamai a Sifaniya, don ya ɗauki hoto ya ƙulla mata sharrin ta'addanci. Wato wasan yana nuna yadda ake ƙulla wa mutum sharri ne. Wannan allon aka ɗauka a matsayin hujja cewa masu wasan suna yabon ta'addanci, suka kwana biyar a tsare ba beli. Daga baya kotu ta yi watsi da zargin ta'addancin, zuwa farkon 2017 aka rufe shari'ar baki ɗaya.

Laifin da aka yi na tsari ne, na wanda ya saka wasan manya a gaban yara, kuma irin wannan dokar ni ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. A faɗi shekarun masu kallo, a faɗi wuri, a faɗi lokaci, wanda ya karya a ci shi tara. Amma wanda bai bambance maganar ɗan tsana mugu a cikin labari da ra'ayin mai riƙe da shi ba, shi ake so a ba wa biro ya duba wasa kafin a yi? In malamin makaranta ya ba yara labarin ɓarawo, ai ba a kama shi da sata.

Namu na gida

Wani zai ce duk wannan na can ne, mu ina ruwanmu. Muna da namu. Hausawa suna da wasan dabo, a Nijar ana ce wa 'yan tsanan ɗiyan dabo, a Borno kuma akwai dogodogo. Ni na gani da idona sau ɗaya ina yaro, ranar kasuwar garin kakannina. Mutumin ya kafa sanda a ƙasa ya lulluɓa babbar riga a kai ya shige ciki, sai ga wasu 'yan mutane biyu sun leƙo ta wuyan rigar, ɗaya da ɗan rawani ɗaya da ɗan kallabi, suna magana da wata siririyar murya kamar ta usur wadda ba ka ganewa sosai, sai abokinsa da ke zaune a waje da ɗan ganga ya riƙa tambayarsu yana maimaita mana abinda suka ce. Rigima ce ta miji da mata kan kuɗin cefane. Can sai mai rawanin ya juyo ya kalli wani mai awon hatsi da ke tsaye cikin taron yace wai mudunsa yana da ciwon ciki shi yasa baya cika. Kasuwa ta ɗauki shewa, shi kansa mai awon sai da ya rufe fuska da hula yana dariya, ya jefa kwabo a faifai. Kakata tace min a hanya ai kowa ya san halinsa, ba mai iya gaya masa ne kawai saboda kowa yana cin bashi a wurinsa.

Wace takarda ce za a kai ofis da wannan maganar a ciki? Mai dabon bai san mai awon zai tsaya a wurin ba sai da ya hango shi ta ramin riga.

Tun daga ranar ban sake ganin wasan dabo ido da ido ba, 'ya'yana kuma ko sunan ba su sani ba. Shi yasa nake jin zafi duk lokacin da na ji sanarwar 'yan sanda a Kano, kamar yadda aka yi a wasu azumin na 'yan shekarun nan, cewa an dakatar da tashe saboda 'yan daba suna fakewa da shi suna ƙwacen waya. Ƙwacen waya gaskiya ne, an yi wa mutanen da na sani, kuma ba na wasa da ran kowa. Amma mai wuƙa daban, yaron da ya manna gemun auduga yana kwaikwayon tsoho daban. In ka hana tashe, ɗan daba zai fito gobe ba tare da tashen ba, yaron ne kawai zai zauna a gida. Me zai hana a ce a yi shi daga bayan shan ruwa zuwa ƙarfe kaza, kowace unguwa a cikin unguwarta, masu unguwanni da 'yan sintiri su sa ido? Wahala ce, na sani, hani yafi sauƙi ga mai ofis, sanarwa ɗaya ce a rediyo an gama.

Da safen nan na bi ta ƙofar gidan Baba na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa labarin Liyon da na Aljeriya a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, yace shi dai har yanzu yana ganin bakin mutane in ba linzami ɓarna yake yi. Sai kuma ya yi shiru, ya tambaye ni wai mai dabon da na gani, dogo ne mai tsage a kumatu? Nace ban ga fuskarsa ba Baba, yana cikin riga. Yace in shi ne, ya taɓa zuwa garinsu shekarar da aka yi fari, ya kwaikwayi mai karɓar haraji da ɗan tsana mai ƙaton ciki, washegari dogarai suka raka shi har bayan gari da 'yar jakarsa a kafaɗa.